Tasha ta Bakwai Daga Kosti

A bukkokin Takari na unguwar Tandabawi, a Makka, babu wanda bai san Dawuda Rayyis ba, kuma da wuya a sami wanda bai taɓa shan faɗansa ba. Ɗan ga-ruwa ne. Tun shekarar 1353 ta Hijira yake saɓa garwa biyu a sanda daga bazan, inda unguwa ke ɗibar ruwa, zuwa gidajen mutane, sawu goma sha takwas a yini in jiki ya yarda. Rayyis kuwa sunan tsiya ne da Larabawan bazan suka laƙa masa da suka ji ya taɓa aiki a jirgin ruwa, wai ga shugaban jirgi a garin da ba kogi. In aka kira shi da sunan sai ya sauke garwa ya zagi mutum da Hausa, ya sake zaginsa da Larabci don kada ya ce bai ji ba.

Asalinsa mutumin Wudil ne, ɗan masu fito, da gwangwala a hannu ya tashi. Da ubansa ya rasu, uwarsa Inna Ramlatu ta ce ita gabas za ta, a Makka za a binne ta. Suka fito su uku, har da matarsa Sa'adiya, ana tafiya ana tsayawa ƙodago. Sa'adiya ta rasu a Abashe kwana tara bayan ta haifi 'ya mace, wadda aka sa wa suna Asiya. Da jaririyar suka ƙarasa Sudan, suka zauna a wani zangon masunta a bakin Farin Nilu, kudu da Kosti.

Nan Dawuda ya sami aiki a jirgin wani ɗan kasuwa, irin mai cin itacen nan da ake ɗaura wa sandal a gefe, wato faffaɗan kwale-kwalen ƙarfe na kaya da talakawa. Aikinsa ya tsaya a goshin jirgi da doguwar gwangwala mai zane, yana caka ta yana kiran zurfin ruwa ga matuƙi. Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar sanyi yake wannan aiki. In auduga ta buɗe sai ya ajiye gwangwala ya tafi tsinka a gonakin Jazira kamar kowa, ba ya dawowa sai an sake ruwa. Shekara uku ya yi a haka.

A watan Rajab na 1353 suka kwashe kayansu suka hau sandal za su Kosti, inda ayarin mutanensu ke shirin tashi zuwa bakin teku. A hanya zazzaɓi ya kama Asiya, tana 'yar shekara huɗu, kashegari ƙuraje suka feso mata. Agana ce. Rayyis ɗin jirgin ya leƙa ya gani, ya ce in likitan tasha ya ga yarinyar nan a Kosti zai tsare jirgi da kowa da komai, don haka a tashar gaba za a sauke ta. Tashar ba ta da suna, wurin ɗaukar itace ne kawai. Wata Babarbariya mai sayar da itace, Mairama, wadda ita ma fuskarta duk zanzana ce, ta karɓi yarinyar ba tare da tsoro ba. Dawuda ya ce mata zai kai tsohuwa Kosti ya dawo da jirgi, kwana goma.

A Kosti suka tarar ayari zai tashi jibi.

"Ka kai ni tukuna," in ji Inna. "Ita yarinya tana da sauran kwana a gaba. Ni shekarar nan ba zan ƙarasa ta ba, ina ji a jikina. Ka binne ni a can, ka dawo ka ɗauki 'yarka."

Ya yi gardama yini guda, ta yi kuka yini guda, ya bi ta. Suka haye teku a jirgin katako ba takarda, suka sami hajjin shekarar. Ranar saukowa daga Arfa Inna ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ba ta mutu ba. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, tana nan kwance a bukka, shi ke juya ta, shi ke ba ta kunu a baki, shi ke zubar da bayan gidanta. Ba shi da wanda zai bar wa ita, 'yarsa kuma tana can inda ya ajiye ta.

Sai ya koma aike. Kowace shekara in an gama hajji yakan je gidan Malam Rabe, mai saukar alhazan Takari, ya zaɓi mutum ɗaya cikin masu komawa ta Kosti, wanda ya ga alamar yana da ido. Ya yi masa hidimar ruwa har ranar tafiya, ya kai shi ziyara, ya ɗaukar masa kaya. Sannan ya zaunar da shi a inuwar zaure ya karanta masa kogin kamar mai biya allo.

"Buɗe kunnenka, Alhaji. Jirgi zai tashi daga Kosti da hantsi, ya fuskanci kudu yana hawan ruwa. Kada ka shige tsakiyar sandal cikin buhuna, zauna a baki inda za ka ga gaɓa. Tasha ta ɗaya albasa ake lodi, hancinka zai gaya maka. Ta biyu mata za su shigo ruwa har gwiwa da ƙoren nono a ka. Kada ka saya, rabinsa kogi ne. Ta uku akwai farar ƙubba da tutoci. Ta huɗu tana gindin duwatsu biyu. Daga nan kogi zai matse, har ciyawa ta riƙa gogar jikin sandal, ka ji dorina na huci kamar a bayan kunnenka. Ta biyar da ta shida itace kawai ake ɗauka. Ta bakwai ka sauka. Goruba uku ne a jere, ta tsakiya ta karkace. Ka tambayi Mairama mai zanzana. Ka ce Dawuda mai gwangwala yana raye, ta haɗa Asiya da amintattun masu zuwa gabas. Maimaita in ji."

In mutum ya sa nono kafin albasa, sai a koma farko.

Cikin shekara goma sha biyu ya aiki mutum tara, don shekaru uku na yaƙi babu masu komawa. Huɗu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Biyar sun aiko da amsa, uku ta bakin alhazan shekara mai zuwa, biyu a takarda, kuma amsar iri ɗaya ce. Sun ƙidaya, sun sauka a ta bakwai, sun tarar da fili fetal da shanun Larabawa, babu goruba, babu wanda ya taɓa jin sunan Mairama. Ɗaya ya ƙara da cewa shi bai ga inda kogi ya matse ba. Wani ya ce ya tambayi ma'aikatan jirgi goruba uku, suka yi masa dariya suka ce goruba ai ta fi mutane yawa a kogin.

"Barci suka yi!" in ji Dawuda, ranar da Malam Rabe ya karanta masa takarda ta biyu. "Sun sha ruwana sun ƙoshi, sun shige cikin buhuna sun yi barci! Mutum ya zagaya Ɗaki sau bakwai bai ɓata ba, amma tasha bakwai ta gagare shi? Wallahi ko jirgin ba su hau ba, a kasuwar Kosti suka zauna suka tsara ƙarya. Alhazan banza!"

"Ya shehi, ka ji tsoron Allah, baƙin Allah ne."

"Baƙin Allah ne a nan. A can maƙaryata ne."

Saboda manzonsa na uku Bakatsine ne, sai da ya shekara biyu ba ya kai ruwa gidan kowane Bakatsine a unguwa. Saboda na shida mai gemu ne, ya daina yarda da masu gemu, shi da nasa gemun ya kai ƙirji. A bazan layi kan buɗe masa tun daga nesa, ba don girma ba, don kowa yana son kunnensa ya huta.

Ranar sha biyar ga Zulhajji na 1366, bayan la'asar, yana zauren Malam Rabe yana karanta wa manzo na goma. A gefe wani alhaji ne zaune yana ɗinke takalminsa, baƙi siriri, hannuwansa duk tabon ƙuna. Sunansa Hashimu, Bahaushe haifaffen Kosti. Yana ji yana gyaɗa kai a albasa, a nono, a ƙubba. Da aka zo inda kogi ke matsewa sai ya ajiye basilla.

"Tsaya, Malam. A wane ruwa ka ƙidaya?"

"Wa ya sa da kai? Ruwa nawa ne a kogi?"

"Biyu. Akwai na cika, akwai na janyewa. Shekara ashirin da biyu ina zuba wa jiragen nan itace a wuta, ka ga hannuna. Wurin da kake cewa kogi ya matse ba kogin ba ne, reshe ne da ya bi ta bayan tsibiri. Wata huɗu kacal jirgi ke shiga cikinsa, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar sanyi. In ruwa ya ja, jaki ma yana haye shi bai jiƙa ciki ba. Sai jirgi ya miƙe ta babban kogi, ya bar tashoshin nan uku a bayan tsibiri. Ta bakwai ɗinka, da rani babu ita. Ta bakwai ta rani tana can gaba, tafiyar yini biyu, wurin masu shanu."

"Ƙarya kake! Nilu ce fa, ba kogin Wudil ba. Shekara uku ina kanta!"

"Da rani ka taɓa hawanta?"

Dawuda ya buɗe baki. Da rani yana gonar auduga.

Malam Rabe mutum ne mai riƙe abu a ka. Ya shiga bin manzannin ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya bar Jidda a Safar, shekarar da Safar ta faɗo cikin tsananin zafi, ke nan ya isa Kosti kogi na ƙasa. Na biyu haka, na uku haka. Hajji yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, talakan alhaji kuwa sai ya yi wata biyu ko uku yana jiran jirgi a Jidda, saboda haka daga na farko har na tara babu wanda ya riski cikar ruwa. Na ƙarshensu da 'yan makonni ya rasa ta. A Makka ba a lissafi da damina. Rajab ake sani, da azumi, da hajji, kuma Dawuda ya shekara goma sha uku yana ƙidaya kwanakinsa da su. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa wane irin ruwa mutanensa za su tarar ba.

"Ashe gaskiya suka faɗa," in ji Malam Rabe a hankali. "Har Bakatsinen."

Dawuda ya miƙe, ya ɗauki sandar garwarsa ya maka wa bangon zaure har ta tsage. "Ni! Ɗan masu fito! Ubana da ido yake gane ruwan jibi! Ni na zauna ina zagin bayin Allah!" Ya juya kan Hashimu kamar shi ya janye kogin. "Kai kuma ina ka shige shekara goma sha uku?"

"Ina gindin wuta, Rayyis. Guzuri bai taru ba sai bana."

"Yanzu fa? Reshen a buɗe yake?"

"A buɗe yake. Saura wata biyu, in ya yi yawa. Ni ina da takardar komawa, kuma ba na tsayawa ko'ina."

A rayuwarsa Dawuda bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Abin da yake yi in ransa ya ɓaci da ita, ya juya wa tukunyar kunu ya yi mata faɗa, Inna na kwance tana ji. Ran nan tukunya ta sha abin da ba ta taɓa sha ba.

"Shekara ɗaya aka ce mini," ya ce wa tukunya, yana dama kunu kamar zai huda gindinta. "Aka ce yarinya tana da sauran kwana. Kwana goma na roƙa. Da an ba ni kwana goman nan, ayari nawa ya tashi bayan wancan? Amma a'a, sai jibi, sai jibi, mutuwa na bakin ƙofa. Ga mutuwar nan har yau ba ta sami ƙofar ba!"

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Da rabin bakin da ya rage mata ta ce, "Kai wannan. Ka bar tukunya, ba ta yi maka komai ba. Ni na ce shekara ɗaya, Allah bai karɓi maganata ba. Kana so in roƙe ka gafara don na rayu?"

Ya ci gaba da dama kunu.

"Matar Rabe ta iya dama kunu, ta ma fi ka. Tashi ka tafi."

Ya bar Makka tare da Hashimu ran uku ga Muharram na 1367, da takardar da wakilin Takari na Jidda ya samo masa da ƙyar. Mutanen unguwa suka yi ta surutu, wai wane mai hankali ne zai fita daga Makka da furfura, ya je ya mutu a wani wuri. Karantinar Sawakin, inda likitoci ke tsare alhazai, ta cinye musu kwanaki, Dawuda ya yi faɗa da duk wanda ya gifta da farar riga. Suka isa Kosti a farkon Safar.

Albasa tana nan, masu nono suna nan, ƙubba an sake mata farar ƙasa. Dawuda bai zauna ba. Ya tsaya a bayan mai gwangwalar jirgin yana gyara masa riƙo, har mutumin ya gaji ya miƙa masa ita. Bayan duwatsu biyu matuƙi ya dubi bakin reshen, ya juya jirgi ciki. Dawuda na caka gwangwala yana kira, zurfin yana raguwa a hannunsa, sau biyu gindin sandal ya goga yashi. Ciyawa ta rufe su hagu da dama. Ta biyar ta wuce, ta shida ta wuce.

Goruba biyu ce a tsaye, ta tsakiya ta faɗi. Mata na hawa katako da damin itace a ka suna zubawa a jirgi. Ta huɗu a layin doguwa ce, fuskarta da zanzana, tana jefa ƙafar hagu waje kamar yadda Sa'adiya ke yi. Ya sauka ya tare ta ya yi mata magana da Hausa. Ta dube shi kamar an buga garwa, ta kewaye shi da daminta.

Wata tsohuwa da ke zaune a gindin goruba ta kare ido da hannu. "Kai ne mai kwana goma?" ta ce da Larabci. Mairama ce.

Da Larabci aka yi sauran maganar, don Asiya ba ta riƙe Hausa ko kalma ɗaya ba. Ya ba su labarin duka, tsohuwa da shanyewar jiki, mutum tara, reshe da tsibiri. Asiya ta saurara a tsaye, hannu a ƙugu.

"Mutum tara ka aiko," ta ce. "Kai ƙafarka nawa ce?"

"Uwata ce kwance. Ba a barin uwa."

"Kuma ba ka san jirgi ba ya shigowa da rani ba? Akuyar garin nan ta sani. Duk cikar ruwa Yumma, uwata Mairama, sai ta wanke ni ta kai ni bakin gaɓa in jirgi ya yi kuka, ta ce yau ubanki zai sauko. Yara na yi mini waƙa. Ina shekara goma na ce in ta sake kai ni zan faɗa ruwa. Yanzu ka zo da gemu kana gaya mini lissafi?"

Ya so ya yi faɗa, don shi ne abin da ya iya. Ya duba bai ga wanda zai yi wa ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a tashar, yana sara itace yana ɗaure dami. Mairama na ba shi abinci. Asiya ba ta hana shi ɗaukar mata kaya ba, ba ta kuma kira shi da kowane suna ba. Da jirgi ya dawo daga kudu, matuƙi ya ce wannan ne shigowar ƙarshe sai baɗi. Dawuda ya same ta a bakin katako ya ce ta zo su tafi, ga Makka, ga Ɗakin Allah, ga kakarta.

Ta nuna Mairama da haɓa. "Idonta ya fara hazo. Ni ke sara, ni ke ɗauka. Kai ka ce ba a barin uwa."

Jirgi ya yi kuka. Ya hau shi kaɗai.

Ya yi tsinkar auduga ya haɗa guzuri, ya dawo Makka da alhazan farko a Shawwal. Malam Rabe ya tare shi a bakin lungu.

"Ka same ta?"

"Na same ta."

"To ina take?"

"Tana gidan uwarta."

Inna tana nan kwance, ta ƙara ƙanƙancewa. Ta bi bayansa da ido, ta ga ba kowa. Ya hura wuta ya ɗora tukunya, bai ce wa tukunyar komai ba.

"Kai wannan. Ta tambaye ni?"

"Na gaya mata sunanki. Ta ce in riƙe abina."

Ya ɗago kanta ya ba ta kunu, ta sha rabi ta kau da fuska. Ta rasu bayan wata huɗu, ya binne ta inda ta ce. Aka zaci zai koma kogi, bai koma ba, ya ce yarinyar ta riga ta ba shi amsa. Ya ƙara shekara tara yana kai ruwa a Tandabawi, sawun ya ragu zuwa goma, sannan shida. Ya rasu a Rabi'ul Awwal na 1377, a bukkarsa, Malam Rabe ya yi masa wanka.